Paskal da Wasan da Ba a Ƙare Ba

Ya mai karatu, ka san yadda 'yan dara ke zama a inuwa nan Madarumfa. A ce mutum biyu, gwanintarsu ɗaya, sun shirya wanda ya fara ci sau uku shi ke da kuɗin da aka zuba. Wannan ya ci biyu, wancan ɗaya, sai ruwa ya sauko, aka watse. Ƙaƙa za a raba kuɗin ba a cuci kowa ba? Caca ba abin yabo ba ce, amma tambayar ta gaskiya ce.

Blez Paskal, wanda ya warware ta, an haife shi a Faransa a 1623. Uwarsa ta rasu yana shekara uku. Bai shiga lakkol ba, ubansa ya koya masa a gida. Yana shekara 19 ya ƙera keken lissafi domin ya sauƙaƙa wa uban aikin haraji.

A 1654 wani mai son caca ya kawo masa wannan tambaya. Paskal ya yi ta musayar wasiƙu a kanta da Ferma, wani alƙali a garin Tuluz. Ferma ya ce a ƙidaya abin da kan iya faruwa. Wasa biyu suka rage, hanyoyinsu huɗu ne. Mai biyu ya ci duka, ko ya ci na fari kaɗai, ko na biyu kaɗai, ko ya faɗi duka. Uku nasa ne, ɗaya ta abokinsa.

Hanyar Paskal ta fi mini daɗi. An zuba zinariya 64. Ko mai biyu ya faɗi wasa na gaba, sun yi daidai ke nan, 32 nasa ne ba gardama. Sauran 32 kuwa ba wanda ya san mai su, sai a raba biyu. Ya tashi da 48, abokinsa 16. Amsar Ferma ke nan.

Cikin shekarar nan, daren 23 ga Nuwamba, Paskal ya sadu da Ubangiji Yesu cikin addu'a da hawayen murna. Ya rubuta abin a takarda, ya ɗinke cikin rigarsa, bai nuna wa kowa ba. Sauran kwanakinsa ya yi su da ciwo, yana rubutu a kan bangaskiya, yana ba matalauta dukiyarsa. Ya rasu a 1662, yana shekara 39. Bayan an binne shi ne baransa ya ji tauri a jikin rigar, ya farke, ya sami takardar.