Honus Wagner: Ɗan Ramin Kwal Da Katin Hotonsa Ya Haura Dala Miliyan Bakwai

An haifi Johannes Peter Wagner ranar 24 ga Fabrairu, 1874, a kusa da birnin Pittsburgh na jihar Pennsylvania a Amurka. Iyayensa baƙi ne daga Jamus, talakawa. Yana da shekara 12 ya bar makaranta ya bi mahaifinsa ramin haƙar kwal, kuma a ɗan lokacin hutun da yake samu ne ya koyi besbol, wasan nan na Amurkawa da ake dukan ƙwallo da sanda. Laƙabin Honus, wanda ya danne sunansa na yanka, ya samo asali ne daga yadda Jamusawa ke taƙaita Johannes.

Ya shiga babbar gasa a 1897 da ƙungiyar Louisville, sannan ya koma Pittsburgh Pirates a 1900, inda ya zauna har ya yi ritaya a 1917. Mutum ne gwame, mai faɗin ƙirji da manyan hannuwa, wanda duk wanda ya gan shi ba zai zaci yana da gudu ba. Amma sau takwas yana zama gwarzon dukan ƙwallo a gasar National League, ya kuma ci kofin World Series a 1909. Da aka zaɓi mutum biyar na farko da za a karrama a zauren gwarazan wasan a 1936, yana cikinsu tare da Babe Ruth da Ty Cobb.

A shekarar da ya ci kofin ne kamfanin American Tobacco ya fara saka ƙananan katunan hotunan 'yan wasa a cikin kwalin sigari. Wagner ya ƙi amincewa, aka dakatar da buga nasa bayan kaɗan sun fita. Wasu na cewa ba ya son yara su sayi taba saboda hotonsa, wasu kuma na ganin batun kuɗi ne. Shi kansa dai mai tauna taba ne. Ya daɗe yana horar da 'yan wasan Pirates, kafin ya rasu ranar 6 ga Disamba, 1955, yana da shekara 81.

Wannan ƙin amincewa shi ya mayar da katin, wanda ake kira T206, abin nema ruwa a jallo. Waɗanda aka san da su a yau ba su kai ɗari ba. A 1991 ɗan wasan hoki Wayne Gretzky da abokinsa Bruce McNall suka sayi guda a kan dala 451,000. Shi ne kati na farko da kamfanin PSA ya tantance, ya ba shi maki 8 cikin 10, ya rufe shi a kwanson roba. Daga nan kasuwa ta rabu biyu: katin da aka tantance, mai tsada da kwanciyar hankali, da wanda ba a tantance ba, mai rahusa, wanda mai saye ke dogara da idonsa kawai.

Sai dai kwanciyar hankalin ba cikakkiya ba ce. A 2013 dillalin nan Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa ya datse gefunan wannan katin domin ya yi kama da sabo, alhali an riga an sayar da shi dala miliyan 2.8 a 2007. Katin da aka datse bai cancanci maki ba tun farko. Duk da haka farashi bai faɗi ba: a 2022 wani katin Wagner mai maki 2 kacal ya tashi a kan dala miliyan 7.25.

Akwai kuma guda a gidan tarihi na Metropolitan da ke New York, cikin tarin Jefferson Burdick, mutumin da ya raɗa wa jerin katunan suna T206, wanda ya yi shekarun ƙarshen rayuwarsa yana manna katunansa a cikin kundaye da gam.