Satoru Iwata

Satoru Iwata (6 ga Disamba, 1959 – 11 ga Yuli, 2015) ɗan ƙasar Japan ne, masanin rubuta manhajar kwamfuta kuma ɗan kasuwa. Shi ne shugaba na huɗu na kamfanin wasannin bidiyo na Nintendo, ya riƙe muƙamin daga shekarar 2002 har zuwa mutuwarsa. Kafin ya zama shugaba ya yi kusan shekara ashirin yana rubuta wasanni da kansa. Yana cikin mutanen da suka buɗe wa wasannin labari na Japan, irin su Dragon Quest da Pokémon, hanyar shiga kasuwannin Amurka da Turai.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Iwata a birnin Sapporo da ke tsibirin Hokkaido, a arewacin Japan. Mahaifinsa ma'aikacin gwamnati ne, wanda daga baya ya zama magajin garin Muroran. Tun yana makarantar sakandare ya mallaki wata kalkuleta ƙirar Hewlett-Packard da ake iya rubuta wa umarni, ya riƙa haɗa ƙananan wasanni a kanta yana bugawa da abokan karatunsa.

A shekarar 1978 ya shiga Cibiyar Fasaha ta Tokyo, inda ya karanta kimiyyar kwamfuta. Yana ɗalibi ya fara aikin wucin gadi da wani ƙaramin kamfani mai suna HAL Laboratory, da ya kammala karatu a 1982 kuma sai ya zama cikakken ma'aikacinsa. Mahaifinsa bai ji daɗin wannan zaɓi ba, domin a lokacin ba a ɗaukar haɗa wasanni a matsayin sana'ar mai digiri.

Aiki a HAL Laboratory

Nintendo ya fitar da na'urar wasa ta Famicom a Japan a 1983, wadda aka sayar a Amurka da sunan NES. HAL ya zama ɗaya daga cikin kamfanonin da ke haɗa mata wasanni, Iwata kuma ya yi aiki a kan Pinball da Golf da Balloon Fight. A farkon shekarun 1990 kamfanin ya kusa durƙushewa saboda bashin yen biliyan 1.5. Shugaban Nintendo, Hiroshi Yamauchi, ya yarda ya tallafa masa, aka naɗa Iwata shugaban HAL a 1993, kuma cikin shekara shida aka biya bashin.

Wahalar fitar da wasannin labari

Wasan labari, wanda ake taƙaita sunansa da RPG, wasa ne da mai bugawa ke ɗaukar matsayin jarumi, yana yawo gari-gari, yana magana da mutane, yana yaƙi da abokan gaba, ƙarfinsa na ƙaruwa a hankali. Wasan tsere ko na ƙwallo ana iya buga shi ko ba a jin harshensa, amma wasan labari ya dogara ne da rubutu mai yawa. Saboda haka fitar da shi waje ba fassara kaɗai yake buƙata ba. Rubutun Japananci yana ɗaukar magana mai yawa a haruffa kaɗan, Turanci kuwa yana cin wuri, ga shi kaset ɗin wasa na wancan zamani ba ya ɗaukar bayanai da yawa. Dole sai an sake tsara akwatunan rubutu, an sauya sunaye da barkwancin da baƙo ba zai gane ba, wani lokaci ma a sake rubuta sassan manhajar. A wannan ɓangare na injiniyanci ne Iwata ya fi taka rawa.

Dragon Warrior

Kamfanin Enix ya fitar da Dragon Quest a Japan a watan Mayu na 1986. Yuji Horii ne ya tsara shi, Akira Toriyama ya zana hotunansa, kuma ya samu karɓuwa ƙwarai a gida. Sai a watan Agusta na 1989 ya isa Arewacin Amurka, Iwata na cikin jagororin aikin. An sauya masa suna zuwa Dragon Warrior domin wani wasan tebur ya riga ya mallaki sunan farko a can. An cire doguwar kalmar sirrin da mai wasa kan rubuta idan zai ci gaba daga inda ya tsaya, aka sa batir a cikin kaset ɗin don ya riƙe bayanan. An gyara hotunan mutane ta yadda za su riƙa fuskantar inda suka dosa, aka kuma rubuta maganganunsu da salon tsohon Turancin Ingila. Duk da haka cinikin bai kai yadda aka yi tsammani ba, har a 1990 Nintendo ya riƙa ba da wasan kyauta ga masu biyan kuɗin mujallarsa ta Nintendo Power.

EarthBound

Wasan Mother 2 na marubuci Shigesato Itoi ya shafe shekaru ana aikinsa ba tare da an ga ƙarshe ba. Da aka gayyato Iwata, sai ya ba da shawarar a sake gina manhajar daga tushe, domin a ganinsa hakan zai fi sauri a kan yi wa tsohuwar kwaskwarima. An bi shawararsa, wasan ya fito a Japan a watan Agusta na 1994, sannan a Amurka a watan Yuni na 1995 da sunan EarthBound. Marcus Lindblom na reshen Nintendo na Amurka ne ya jagoranci mayar da shi Turanci. A cikin sauye-sauyen da aka yi, mutum-mutumin wata 'yartsanar katako ta gargajiyar Japan ya koma na abin goge rubutu, giya ta koma kofi, an kuma cire alamar jan gicciye daga asibitoci. Shi ma bai yi kasuwa a Amurka ba, kuma ba a fitar da shi a Turai ba a lokacin.

Pokémon

Kamfanin Game Freak ya fitar da Pokémon Red da Green a kan na'urar Game Boy a ranar 27 ga Fabrairu, 1996. Da wasan ya bunƙasa, Nintendo ya so a kai shi waje, amma ma'aikatan Game Freak ba su da yawa, kuma sun duƙufa kan wasan da zai biyo baya. Iwata, wanda a lokacin shugaban wani kamfani ne dabam, ya karɓi ainihin rubutun manhajar ya karanta, ya fitar da tsarin da za a bi a mayar da wasan wasu harsuna. Yawancin halittu 151 da ke cikinsa sun samu sababbin sunaye: Hitokage ya zama Charmander, Zenigame ya zama Squirtle, Pikachu kuwa aka bar masa nasa.

Pokémon Red da Blue sun fito a Amurka a watan Satumba na 1998, a Turai kuma a 1999. Shekara guda kafin nan, Final Fantasy VII na kamfanin Square ya riga ya nuna cewa wasan labari na Japan zai iya cin kasuwa a Yamma, Pokémon kuwa ya kai irin wannan wasa hannun yara ƙanana. An sayar da fiye da kwafi miliyan 30 na wannan zubi na farko a duniya. Iwata ya kuma mayar da tsarin yaƙin wasan kan na'urar Nintendo 64 domin Pokémon Stadium cikin kimanin mako guda, ya rubuta manhajar matse hotuna da aka yi amfani da ita a Pokémon Gold da Silver na 1999.

Shugabancin Nintendo

Iwata ya koma Nintendo a shekarar 2000 a matsayin shugaban sashen tsare-tsare. A watan Mayu na 2002 ya gaji Yamauchi yana da shekara 42, shi ne na farko da ya shugabanci kamfanin ba daga zuriyar Yamauchi ba. Manufarsa ita ce jawo waɗanda ba su saba da wasan bidiyo ba. A ƙarƙashinsa aka fitar da Nintendo DS a 2004 da Wii a 2006. An sayar da DS fiye da miliyan 150, Wii kuma fiye da miliyan 100.

A zamaninsa wasannin labari da dama sun ƙetara teku. Fire Emblem, wanda ake yi a Japan tun 1990, ya fara fitowa a Turanci a 2003. Nintendo da kansa ya rarraba Dragon Quest IX a Amurka da Turai a 2010. A 2013 Iwata ya sanar da sake fitar da EarthBound a kan Wii U bayan dogon roƙo daga masoyansa, wanda shi ne karon farko da aka sayar da shi a Turai. A ranar 12 ga Oktoba, 2013, Pokémon X da Y suka fito rana ɗaya a Japan da Amurka da Turai, da harsuna bakwai a cikin kaset guda. Jiran da ya kai shekara uku a zamanin Dragon Quest ya kau ke nan.

Suka da koma-baya

Ba duk matakan kamfanin ne suka gamsar da masu wasa ba. Mother 3 na 2006 bai samu fassarar hukuma ba, sai masoya ne suka fassara shi da kansu a 2008. Xenoblade Chronicles ya fito a Japan a 2010 da Turai a 2011, amma bai isa Amurka ba sai 2012, bayan wani gangamin intanet mai suna Operation Rainfall. An kuma soki Nintendo kan kulle na'urorin 3DS da Wii U ta yadda kaset ɗin wani yanki ba ya aiki a na'urar wani yanki.

Da cinikin 3DS ya yi rauni a 2011, Iwata ya rage rabin albashinsa, ya sake yin haka a 2014 saboda faɗuwar kasuwar Wii U. Ya ƙi korar ma'aikata, bisa hujjar cewa mai fargabar rasa aikinsa ba zai iya ƙirƙirar abin kirki ba.

Rashin lafiya da mutuwa

A watan Yuni na 2014 aka yi masa tiyata don cire wani ƙari a bututun madaciyarsa. Ya koma aiki bayan 'yan watanni, a watan Maris na 2015 kuma ya sanar da cewa kamfanin zai shiga wasannin wayar salula, yana kuma ƙera sabuwar na'ura. Ya mutu a Kyoto ranar 11 ga Yuli, 2015, yana da shekara 55. Tatsumi Kimishima ne ya gaje shi. Na'urar da ya yi albishir da ita ta fito a watan Maris na 2017 da sunan Nintendo Switch, kuma ba a sa mata kullen yanki ba.