Charles Babbage, Mutumin Da Ya Ƙi Jinin Kuskuren Lissafi

Duk wanda ya taɓa riƙon littafin kuɗi, ko ya taɓa duba lissafin yara a makaranta, ya san irin ɓarnar da lamba guda ta kan yi in ta zauna inda ba mazauninta ba. Akawu ya rubuta 7 maimakon 1, shi ke nan, sai a kwana uku ana neman inda kuɗi suka shige. To, yau za mu ba masu karatu labarin wani mutumin Ingila wanda irin wannan kuskure ya dama ƙwarai, har ya ƙarar da shekarunsa da dukiyarsa wajen neman maganinsa. Sunansa Charles Babbage, shi ne kuwa a ke kira kakan kwamfuta, ko da ya ke ya mutu bai kammala ko ɗaya daga cikin manyan injunan da ya ƙago ba.

An haife shi a birnin Landan ran 26 ga Disamba, 1791. Ubansa mai banki ne, mawadaci. Yaron ya tashi da yawan laulayi, saboda haka aka kai shi ƙauye ya yi karatu a hankali, daga baya kuwa son lissafi ya shiga ransa. Cikin 1810 ya shiga Jami'ar Cambridge, ya tarar ya riga ya san yawancin abin da a ke koyarwa, ya kuma ga mutanen Faransa da Jamus sun yi wa Ingila nisa a wannan fanni. Sai shi da abokinsa John Herschel da waɗansu samari suka kafa jam'iyya cikin 1812 don su shigo da sababbin hanyoyin lissafi na ƙetare.

A zamanin nan babu injin da ke yi wa mutum lissafi mai tsawo. Matuƙan jiragen ruwa, da masu awon ƙasa, da masu duban taurari, da ma'aikatan banki, duk da littattafan jadawali su ke aiki, watau littattafan da aka riga aka yi lissafi aka jera amsoshi a ciki. Mutane ne ke zama su yi lissafin nan da alƙalami, su ne ma a ke kira kwamfuta da Turanci tun injin bai karɓe sunan ba. Kuskure kuwa ta ƙofa uku ya ke shiga: wajen mai lissafi, da wajen mai kwafewa, da wajen mai jera baƙaƙe a maɗaba'a. Abin ba na wasa ba ne, gama matuƙin da ya dogara ga lambar ƙarya ya kan iya kai jirginsa kan dutse da dukan mutanen da ke ciki.

Cikin 1821 Babbage da Herschel suna gwada waɗansu jadawalai biyu da akawuna dabam dabam suka yi, sai suka yi ta cin karo da saɓani. Ran Babbage ya ɓaci, ya yi fatan da ma ƙarfin tururi ne ya yi aikin nan. Daga ran nan tunanin bai sake shi ba.

Dabarar da ya dogara a kanta ko wane malamin lissafi ya iya gwada ta a allo. A rubuta 1, 4, 9, 16, 25, watau ko wace lamba sau kanta. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne 3, 5, 7, 9. Bambancin waɗannan kuma kullum 2 ne. To, in an ƙara 2 a kan 9 an sami 11, in an ƙara 11 a kan 25 an sami 36, wanda shi ne 6 sau 6. Ashe ke nan da tarawa kaɗai a ke iya cika jadawalin, ba sai an ninka kome ba. Tarawa kuwa fayafayan tagulla masu haƙora sun iya yinta, ko wanne da lamba 0 zuwa 9 a jikinsa, wannan na tura wancan. Ya kuma yi niyya injin ya buga amsar da kansa, don a toshe ƙofar mai kwafewa da ta mai jera baƙaƙe gaba ɗaya. Ya sa masa suna Injin Bambanci.

Ya nuna ɗan ƙaramin samfuri cikin 1822, Gwamnatin Ingila ta ba shi fam 1,500 cikin 1823 ya soma babban. Ya ɗauki wani gwanin maƙeri, Joseph Clement, suka shiga aiki. Amma injin yana bukatar ƙarafa wajen 25,000, ko wanne daidai da ɗan'uwansa ba ƙari ba ragi, har sai da suka ƙera kayan aikin da za su ƙera su tukuna. Ana cikin haka, a 1827, ubansa da matarsa da 'ya'yansa biyu suka mutu cikin shekara guda. Ya fita ƙasashen Turai yawon rage baƙin ciki, ya komo ya ci gaba. Cikin 1828 aka ba shi kujerar shehun malamin lissafi ta Cambridge, wadda Isaac Newton ya taɓa zama a kai, ya riƙe ta har 1839.

Cikin 1832 aka harhaɗa kashi ɗaya cikin bakwai na injin, ya kuwa yi aiki sosai, baƙi suka riƙa zuwa gidansa kallo. Amma shekara ta zagayo suka ɓata da Clement a kan kuɗi, maƙerin ya ajiye aiki. Nan ne kuma wani tunani wanda ya fi na farko girma ya zo wa Babbage. Injin Bambanci aiki guda ya sani. Me zai hana a yi wanda zai yi ko wane irin lissafi aka umurce shi?

Daga 1834 ya duƙufa kan zanen wannan sabon inji, wanda ya kira Injin Nazari. Ya raba shi biyu: rumbu, inda a ke ajiye lambobi, da maniƙa, inda a ke sarrafa su. Umurni kuwa da katuna masu huji za a ba shi, dabarar da ya aro daga masaƙar da wani mutumin Faransa, Jacquard, ya ƙago, inda hujin kati ke nuna wa masaƙa zanen da za ta fitar. Injin zai iya maimaita aiki sau da yawa, ya kuma duba amsar da ya samu ya zaɓi hanyar da zai bi nan gaba. Wanda ya san cikin kwamfuta zai ga tsarinta ke nan sak: wurin ajiya dabam, wurin sarrafawa dabam, umurnin da mu ke kira manhaja kuma dabam da ƙarfen da ke bin sa.

Mutane kaɗan ne suka gane abin da ya ke nufi. Cikin 1840 ya tafi Turin ta ƙasar Italiya ya yi bayani, wani injiniyan soja, Luigi Menabrea, ya rubuta bayanin da Faransanci. Cikin 1843 wata mace mai kaifin hankali, Ada Lovelace, 'yar mawaƙin nan Byron, ta juya shi da Turanci, ta yi masa sharhi wanda ya fi asalin tsawo nesa. A ciki ta jera matakan da injin zai bi ya warware wani lissafi mai wuya, ta kuma hango cewa zai iya sarrafa abin da ba lamba ba, kamar muryoyin kiɗa, in an san yadda za a faɗa masa. Ta mutu cikin 1852 tana da shekara 36.

Gwamnati kuwa ta riga ta gaji. Ta kashe fiye da fam 17,000 ba ta ga inji ba, ga shi kuma mai aikin ya zo yana zancen wani sabo. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Cikin 1842, zamanin Firayim Minista Robert Peel, aka yanke ba za a ƙara ko kwabo ba. Babbage ya ci gaba da kuɗin aljihunsa. Har ya yi shawarar ƙera injin da zai yi wasa da mutane, wani ɗan wasa mai kama da dara inda a ke neman jera uku, don a riƙa biya ana kallo ya sami kuɗin aiki, ya kuma nuna a takarda cewa inji ya iya wasa irin na tunani. Daga baya ya ga abin ba zai kawo riba ba, ya bari.

Wajibi ne mu faɗi gaskiya, laifin ba na Gwamnati kaɗai ba ne. Babbage mutum ne mai saurin fushi da kaifin harshe. Cikin 1830 ya buga littafi yana sukar manyan masanan ƙasarsa, waɗanda kuwa su ne Gwamnati ke neman shawararsu a kan aikinsa. Ba ya gama zane sai ya ga wanda ya fi shi, ya sake. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi kuwa ya kori hannuwan da za su taya shi. Abin takaici, wani mutumin Suwidin, Georg Scheutz, da ɗansa Edvard, sun karanta labarin injinsa suka ƙera wani wanda bai kai nasa ba amma ya kammalu, har Gwamnatin Ingila ta sayi irinsa cikin 1859.

Babbage ya mutu a Landan ran 18 ga Oktoba, 1871, yana da shekara 79, mutane ƙalilan ne suka raka shi kabari. Aka ajiye takardunsa, aka kusa mantawa da shi. Waɗanda suka ƙera kwamfutocin lantarki bayan 1940 yawancinsu da kansu suka sake gano abin da ya riga ya zana shekara ɗari kafin su.

Amma rana ba ta ƙarya. Tsakanin 1847 da 1849 ya zana Injin Bambanci na biyu, wanda ya fi na farko sauƙi. Ma'aikatan gidan kayan tarihin kimiyya na Landan suka ɗauko zanen nan, suka ƙera shi da irin awon da maƙeran zamaninsa za su iya kai wa, suka gama sashen lissafi cikin 1991, shekara 200 da haihuwarsa. Aka juya hannunsa, ya fitar da amsa mai lamba 31 babu kuskure. Cikin 2002 aka gama sashen bugawa, injin duka ya zama ƙarafa wajen 8,000, nauyinsa tan 5. Ashe mutumin da aka ɗauka mai mafarki ne daidai ya auna.

Saura abu guda wanda ya shafi akawuna da malamai musamman. Babbage ya ba da labari cewa sau biyu 'yan majalisa suna tambayarsa ko injin zai ba da amsar kirki in an sa masa lambobin da ba daidai ba, ya ce ya rasa gane irin ruɗewar da ke haifar da wannan tambaya. Har gobe haka abin ya ke. Inji ya ɗauke mana wahalar tarawa da ninkawa, amma bai ɗauke mana amana ba, abin da aka zuba masa shi ya ke niƙawa. Saboda haka muna roƙon akawu ya duba lambarsa sau biyu kafin ya miƙa ta, malami kuma ya koya wa yaro dalilin lissafi, kada ya tsaya ga amsa kaɗai. Wanda kuma Allah ya ba basira, ya roƙi haƙurin zama da mutane tare da ita, don ya ga ƙarshen aikinsa da idonsa.