Tarihin Nana Khadija 'Yar Khuwailid, Attajirar Makka Da Ta Yi Goyo Bayan Shekaru Sun Ja

A yau filinmu na tarihin magabata zai duba rayuwar Uwar Muminai Nana Khadija (RA), wadda da wuya mutum ya shiga gida a zango bai tarar da mai sunanta ba, ko Hadiza ko Dije ko Kubura. Kowa ya san ta da dukiya da kuma riga kowa yin imani. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne, bisa ruwayar da ta fi shahara, dukkan 'ya'ya shida da ta haifa wa Manzon Allah (SAW) ta haife su ne bayan ta cika shekara 40. Wannan batu ya shafi mata da dama a kasuwanninmu, waɗanda mutuwar aure ko jinkirin rabo ya sa ba su samu goyo ba sai da shekaru suka ja.

Asalinta da kasuwancinta

An haifi Nana Khadija a Makka wajen shekarar 555 miladiyya, idan aka bi waccan ruwaya. Mahaifinta shi ne Khuwailid ɗan Asad ɗan Abdul Uzza ɗan Ƙusayyu, saboda haka nasabarta ta haɗu da ta Manzon Allah (SAW) a kan Ƙusayyu. Sunan mahaifiyarta Fatima 'yar Za'ida. Tun kafin zuwan Musulunci mutanen Makka ke yi mata laƙabi da Ɗahira, wato tsarkakakkiya, saboda kamun kanta.

Kafin aurenta da Annabi (SAW) ta yi aure sau biyu. Ta auri Abu Hala na ƙabilar Tamim, ta kuma auri Atiƙu na Banu Makhzum, kuma ta haihu da kowannensu. Daga cikin 'ya'yan nan akwai Hindu ɗan Abu Hala, wanda ya tashi agola a gidan Annabi (SAW), daga baya ya zama sahabi.

A zamanin nan Ƙuraishawa fatake ne, da hunturu ayarinsu ya nufi Yaman, da bazara kuma ya nufi Sham. Nana Khadija ba ta bin ayari da kanta. Takan ɗauki maza ta danƙa musu hajarta, ko bisa lada ko bisa ƙiradi, wato ita ta kawo jari, shi ya kawo ƙarfinsa da wayonsa, idan an samu riba a raba bisa kason da aka yi yarjejeniya tun farko. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga jikokin fataken da suka riƙa zuwa Salaga sayen goro da jarin iyayen gidansu. An ruwaito cewa kayanta ita kaɗai sukan yi daidai da na sauran Ƙuraishawa a cikin ayari.

Aurenta da Manzon Allah (SAW)

Da labarin gaskiya da riƙon amanar Muhammadu ɗan Abdullahi ya iso gare ta, sai ta ɗauke shi ya kai mata haja Sham, ta haɗa shi da yaronta Maisara. Suka ci kasuwar Busra, suka dawo da ribar da ta zarce wadda aka saba samu, Maisara kuma ya ba ta labarin halayen da ya gani a hanya. Manyan Ƙuraishawa da dama sun nemi aurenta ta ƙi, amma a wannan karo ita ce ta aika ƙawarta Nafisa 'yar Munya ta ji ra'ayinsa. Aka ɗaura aure wajen shekarar 595, baffanta Amru ɗan Asad ya bayar da ita, Abu Ɗalib ya yi huɗuba, aka biya sadakin raƙuma 20. Shi a lokacin yana da shekara 25.

A kan shekarunta ne malaman tarihi suka saɓa. Mafi yawansu sun tafi a kan shekara 40, akwai kuma wata ruwaya da ta ce 28. Dalilin da ya sa wasu masana suka karkata ga ta biyun shi ne yawan haihuwar da ta yi bayan auren. Ta haifi Alƙasim, sai Zainab wajen shekarar 600, sai Ruƙayya da Ummu Kulsum, sai Fatima wajen shekarar 605 lokacin da Ƙuraishawa ke sake ginin Ka'aba, sannan Abdullahi wanda aka ruwaito an haife shi bayan aiko Annabi (SAW) a shekarar 610. Idan aka bi lissafin farko, ta haifi Zainab tana da shekara 45, Fatima kuma tana da 50. Ko da an bi lissafi na biyu, haihuwar Abdullahi ta same ta ne tana sama da shekara 43. Ke nan ta kowace hanya aka bi, Nana Khadija ta yi goyo a shekarun da mata da yawa a yau ke jin nauyin a gan su da ciki.

Yadda take shirya wa haihuwa

Ibn Sa'ad, a cikin littafinsa Ɗabaƙat, ya kawo wani bayani da ya kamata kowace 'yar kasuwa ta yi nazarinsa. Nana Khadija tana da ungozoma tsayayya mai suna Salma, baiwar da Safiyya 'yar Abdul Muɗɗalib ta 'yanta, wadda ita ke karɓar haihuwarta. Takan nemi mai shayarwa ta kammala magana da ita tun kafin ta sauka, kamar yadda al'adar manyan gidajen Makka take. Idan namiji ta haifa ta yanka dabbobi biyu, idan mace ce ta yanka ɗaya. Wato dai yadda ba ta sakin ayari sai ta tabbatar da guzuri da amintaccen jagora, haka ba ta barin haihuwa ta zo mata ba shiri. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk da wannan tanadi, ba ta tsira daga jarrabawa ba, domin 'ya'yanta maza biyu, Alƙasim da Abdullahi, sun rasu tun suna ƙanana. Haka nan gidanta ya rayu da 'ya'yan da ba ita ta haife su ba. Aliyu ɗan Abu Ɗalib ya zo hannunsu riƙo a shekarar da fari ya tsananta a Makka. Zaidu ɗan Harisa kuwa ɗan ɗan'uwanta Hakim ɗan Hizam ne ya saye shi a kasuwa ya ba ta, ita kuma ta ba mijinta, ya 'yanta shi ya mai da shi ɗan gida.

Shekarun tsanani da rasuwarta

A shekarar 610, lokacin da wahayi ya fara sauka a kogon Hira, Annabi (SAW) wurinta ya dawo jikinsa na rawa, ta lulluɓe shi ta kwantar masa da hankali, sannan ta kai shi wurin ɗan baffanta Waraƙa ɗan Naufal, masanin littattafan da suka gabata. Ita ce farkon wadda ta yi imani, kuma ta sa dukiyarta wajen tallafa wa addini.

Wajen shekarar 616 Ƙuraishawa suka ƙaurace wa Banu Hashim, suka hana a yi ciniki ko auratayya da su, aka tsare su a kwarin Abu Ɗalib kusan shekara uku. Matar da ta saba aika ayari Sham sai ga shi Hakim ɗan Hizam na satar hanya ya kai mata hatsi, har wata rana Abu Jahal ya tare shi, sai da Abul Bakhtari ya shiga tsakani. Ba a daɗe da janye takunkumin ba ta rasu, cikin watan Ramadan, shekara uku kafin hijira, tana da shekara 65 bisa ruwayar da ta fi shahara. Aka binne ta a Hajun. A wannan shekara ce Abu Ɗalib ma ya rasu, shi ya sa ake kiranta shekarar baƙin ciki. Sun zauna kusan shekara 25 bai yi mata kishiya ba.

Abin da ta bari

A nan ne tarihinta ya taɓo tambayar da ake yi wa duk macen da ta haihu da girma, wato wa zai riƙe yaron idan ta faɗi. Nana Khadija ta rasu ta bar Ummu Kulsum da Fatima a ɗaka. Fatima ba ta wuce shekara 15 ba a lokacin, a ruwayar malaman Shi'a ma ba ta wuce biyar ba. Maraicin uwa ya same ta, kuma ta ɗauki hidimar mahaifinta tun tana yarinya. Sai dai uwar ta bar su cikin gida mai tsari da dangi na kusa. Zainab tana auren Abul As, ɗan Hala 'yar'uwar Khadija, Ruƙayya kuma tana auren Usman ɗan Affan. Bayan rasuwarta Khaula 'yar Hakim ta ba da shawara, Annabi (SAW) ya auri Sauda 'yar Zam'a, dattijuwar da ta riƙe gidan. Hatta sarƙar wuyan da Khadija ta ba Zainab ranar tarewa ta yi amfani bayan ranta, domin ita Zainab ta aika fansar mijinta bayan yaƙin Badar a shekarar 624. Kuma ta tsatson Fatima, autar matan, zuriyar Annabi (SAW) ta ɗore har zuwa yau ta hanyar Hasan da Husaini.

Darasi gare mu

A unguwanninmu, idan mace mai shekara 40 da 'yan kai ta samu ciki, sai a fara tsegumi, musamman idan 'yarta ma tana goyo. Wannan kunya kan sa wasu su ɓoye cikin, su ƙi zuwa awo har sai abu ya ɓaci. Wanda ya san tarihin Nana Khadija ba zai yi wa irin wannan mata gori ba. Amma kuma ba daidai ba ne a ɓoye mata gaskiya. Likitoci sun tabbatar cewa daga shekara 35 zuwa sama haɗarin hawan jini da jijjiga da ciwon suga da ɓari yana ƙaruwa, haka ma yiwuwar haihuwa ta hanyar tiyata. A shekarar 2008 gwamnatin Gana ta shigo da tsarin kula da masu juna biyu kyauta a ƙarƙashin inshorar lafiya, kuma ga Asibitin Koyarwa na Tamale ga ƙananan asibitoci a garuruwan kan iyaka. Cinikin rana ɗaya bai kai a fasa awo dominsa ba. Haƙƙin miji ne kuma ya tsaya a kan wannan, ya rage mata ɗaukar kaya da doguwar tafiya a mota.

Zamani ya zo da abin da babu shi a da. Tun daga shekarar 1978 da aka haifi Louise Brown a Ingila, likitoci na iya haɗa ƙwan mace da maniyyin namiji a ɗakin gwaji su dasa a mahaifa. A shekarar 1986 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman, ta halatta hakan tsakanin miji da matarsa, ta haramta shigo da ƙwai ko maniyyi ko mahaifar wani na uku. Akwai kuma iyakar da hankali ke nunawa. A ƙasar Sipaniya, Maria del Carmen Bousada ta haifi tagwaye a watan Disamba na 2006 tana da shekara 66, bayan ta rage shekarunta a gaban likitocin wani asibiti a Amurka, ta kuma rasu a watan Yuli na 2009 yaran ba su cika shekara uku ba.

Saboda haka macen da Allah Ya ba rabo da girma ta karɓa da godiya, ba tare da kunyar kowa ba, sannan ta yi irin tanadin Nana Khadija. Ta nemi ƙwararriyar ungozoma tun da wuri, ta ware wa yaron wani abu daga jari ko adashi domin karatunsa, ta rubuta bashin da take bi da wanda ake bin ta, ta kuma zauna da miji da dangi a san wanda zai riƙe shi idan ta riga shi. Wannan nauyi yana kan uba mai furfura kamar yadda yake kan uwa, domin tsoho mai shekara 70 da ya haifi jariri shi ma wannan tambayar tana jiransa.

Allah Ya ƙara yarda da Nana Khadija, Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya ba masu nema zuriya mai albarka.