Joseph Ayo Babalola: direban rola da ya sa marasa lafiya suka bar gadon asibiti

Duk wanda ya zauna a Sabo ta Ibadan ko Agege ko Shagamu ya san cocin C.A.C., ko da bai taɓa leƙa ƙofarta ba. Su ne masu kaɗa ƙararrawa tun da asuba, kuma za ka ga mata suna shiga da jarkokin ruwa. Na lura yawancinmu mun san ƙarar amma ba mu san mafarin abin ba, alhali maƙwabtanmu ne, da su muke ciniki kullum. Mafarin yana komawa ga wani mutum da ya rasu tun 1959, Joseph Ayodele Babalola.

An haife shi ran 25 ga Afrilu, 1904, a Odo-Owa da ke jihar Kwara ta yanzu, a gidan mabiya cocin Angilika. Bai yi nisa a boko ba. Ya samu aiki a ma'aikatar ayyuka ta Turawan mulki, yana tuƙa rola, wato injin daɓe hanya, a kan titin da ake yi tsakanin Akure da Ilesha. A watan Oktoba na 1928 injin ya tsaya cik a kusa da Ikeji-Arakeji, shi kuma ya ce ya ji murya tana umartarsa ya bar aikin ya tafi wa'azi. Ya ajiye aiki ya koma garinsu. Mutanen garin suka ɗauka ya taɓu, cocinsa ma ba ta karɓi salonsa ba, aka rabu. Daga nan ya haɗu da wata ƙungiya mai suna Faith Tabernacle, suka yi masa baftisma a Legas a ƙarshen 1929.

Sai an fahimci wannan ƙungiya kafin a gane Babalola. Tushenta annobar murar nan ta 1918 wadda ta kashe mutane masu ɗimbin yawa a duniya, har da Nijeriya. A Ijebu-Ode hukuma ta rufe wuraren taro, likitan Bature ba shi da maganinta, na gargajiya ma ya gaza. Sai wasu 'yan Angilika, cikinsu da Joseph Shadare da wata malamar makaranta Sophia Odunlami, suka koma ga addu'a da ruwan sama. Bayan annobar ta wuce suka tsaya a kan cewa addu'a kaɗai ta isa. Daga irin waɗannan ƙungiyoyi ne sunan Aladura ya fito, ma'ana masu addu'a.

Hujjarsu ita ce Yesu ya warkar da kutare da makafi ba tare da ƙwaya ba, kuma Wasiƙar Yaƙubu a Littafi Mai Tsarki ta umarci marar lafiya ya kira dattawan coci su yi masa addu'a su shafa masa mai. A ganinsu ciwo yana da alaƙa da zunubi ko aikin Shaiɗan, don haka wanda ya nemi magani, na boka ne ko na asibiti, ya nuna bai gama dogara ga Allah ba. To amma Kiristoci da yawa ba su karanta littafin haka ba. Suna cewa ai Luka, marubucin ɗaya daga cikin Linjila huɗu, likita ne. Ayuba ya sha ciwo ba don ya yi laifi ba. Bulus ya roƙi a ɗauke masa wata damuwa a jikinsa har sau uku, ba a ɗauke ba, ya haƙura da ita. Ga waɗannan, likita hannu ne da Allah yake aiki da shi, ciwon da ya ƙi tafiya kuma jarrabawa ce da ake ɗauka da haƙuri. Wannan fahimta ce ta sa mishan suka gina asibitoci irin na Wesley Guild a Ilesha.

A Ileshan kuwa abin ya fashe. A watan Yuli na 1930 shugabannin Faith Tabernacle suka taru a unguwar Oke-Oye don warware saɓanin da ke tsakaninsu, kan baftismar mai mace fiye da ɗaya da kuma wannan batu na magani. Ana cikin taro labari ya bazu wai Babalola ya yi addu'a wani yaro da ake shirin binnewa ya tashi. Mabiyansa har gobe sun gaskata wannan. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne abin da ya biyo baya: jama'a suka yi ta kwarara Ilesha a ƙafa da mota, ana kawo kwalabe da tuluna yana yi wa ruwa addu'a, ruwan da suke kira omi iye, ruwan rai. Mutane suka riƙa tara layu da gumaka ana ƙonawa. Marasa lafiya suka bar asibitin mishan na garin suka koma filin addu'a. Ka ga nan dole ran likitoci ya ɓaci, haka ma na Turawan mulki da wasu sarakuna.

A 1932 aka kama shi kan zargin wa'azinsa ya jawo farautar mayu a wani gari na lardin Benin, aka ɗaure shi wata shida a kurkukun Benin. Ɗaurin bai rage masa jama'a ba. Ya mai da Efon-Alaaye ta ƙasar Ekiti mazauninsa, daga can yake fita yawon wa'azi.

Wurin da labarin ya fi ɗaukar hankalina shi ne rigimar kwinin. Saboda matsin hukuma, ƙungiyar ta nemi inuwar wata coci ta Ingila, Apostolic Church, wadda wakilanta suka iso a 1931. Aka yi shekaru ana tafiya tare, sai ta bayyana cewa Turawan nan suna shan kwinin don kare kansu daga zazzaɓin cizon sauro. Turawan suka kare kansu da cewa rigakafi ne, kamar yadda mutum zai sa hula saboda rana. Babalola da Isaac Akinyele da David Odubanjo suka ƙi yarda, domin su sun hana mabiyansu magani, wasu sun binne 'ya'yansu a kan wannan aƙida, ga masu koyarwa kuma suna haɗiyar ƙwaya. Wajen 1940 aka raba gari. Waɗanda suka zauna da Turawa suka ci gaba da sunan Apostolic Church, ɓangaren su Babalola ya zama Christ Apostolic Church, aka yi masa rajista a 1943. Akinyele, shugabanta na farko, shi ne ya zama Olubadan na Ibadan a 1955.

Ni dai a nan ina ganin kowane ɓangare da abin da ya riƙe. Su Babalola sun fi tsayawa kan maganarsu, ba su da fuska biyu, kuma ba na mamakin yadda talaka ya bi su a zamanin da asibiti ke da nisan kwana da kwanaki, ga kuɗi, ga Bature da ba ya jin yarenka. Amma kwinin yana maganin zazzaɓi, wannan ba abin musu ba ne, kuma jaririn da aka hana shi ba shi ya zaɓi aƙidar ba. Babba yana iya cewa ya ɗauki ciwonsa ya miƙa wa Ubangiji. Yanke wa yaro wannan hukunci shi ne abin da na kasa haɗiyewa.

Babalola ya rasu ran 26 ga Yuli, 1959, a garin Ede, yana da shekara 55, aka binne shi a Efon-Alaaye. Yau 'yan cocinsa da yawa suna zuwa asibiti, suna kuma riƙe da jarkar ruwan addu'arsu, wasu tsofaffi kuwa har yanzu ba sa shan ko Panadol. A Ikeji-Arakeji, inda rolar ta tsaya, cocin ta buɗe jami'a mai ɗauke da sunansa a 2006.