Muhammadu Al-Kashnawi: Malamin ƙasar Katsina da ya koyar da hisabi a Alƙahira

A shekarar 1154 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1741, wani baƙo ya rasu a gidan Shehu Hasan al-Jabarti da ke birnin Alƙahira. Ba Bamisre ba ne. Kafin ya cika ya naɗa mai masaukinsa wasiyyi a kan abin da ya bari, littattafansa kuma suna ciki. Aka binne shi a maƙabartar Mujawirai, inda ake kai malamai da ɗaliban Azhar, mai gidan ya gina kabarin ya rubuta sunansa a kai. Sunan shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, wato Bafillacen Katsina.

Mai masaukin nan ba ƙaramin mutum ba ne. Hasan al-Jabarti yana cikin manyan masana falaki da lissafi na Masar a zamaninsa, mutumin da ke zana agogon rana a jikin dutse domin sanin lokutan salla. Duk da haka, a fannin lissafin da ake kira aufaƙ, gaban wannan baƙo ya zauna ya ɗauki karatu. Ɗansa Abdurrahman, wanda aka haifa bayan rasuwar baƙon da shekara goma sha biyu ko sha uku, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar, kuma a littafinsa Aja'ibul Asar ya ajiye tarihin malamin mahaifinsa. Yawancin abin da aka sani game da Al-Kashnawi daga nan ya fito.

A cikin jerin nisbobin da Abdurrahman ya ba shi akwai guda wadda ta fi shafar mutanen kudancin Katsina, ita ce ad-Danrankawi. Masu binciken tarihi sun danganta ta da Ɗan Ranko, wani tsohon gari na malamai da fataken goro a kudancin ƙasar Katsina, ɓangaren da Malumfashi da Funtuwa suke a yau. A ƙarni na 18 wannan yanki ba ƙauye ba ne ta fuskar ilmi. 'Yandoto tana yamma da shi da tarin malamanta, ayarin Gwanja yana ratsawa, birnin Katsina kuwa yana kan ganiyar kasuwancinsa, ga sunan Ɗan Marina da Ɗan Masani bai daɗe da kafuwa ba. Inda fatake suka yi zango, takarda da tawada da littafi sukan sauka tare da kaya.

Malamansa huɗu aka ambata da suna. Akwai Muhammadu al-Wali ɗan Sulaimanu, Bafillacen Bagarmi da ya yi fice a ilmin tauhidi, da Shehu Hashim, da Muhammadu Fodu, da Muhammadu Bindu. Fodu ne ya buɗe masa ƙofar Larabci. Ya bi shi kimanin shekara huɗu, a zaune da kuma a kan hanya, yana karanta nahawu da sarfu da littattafan adabi. Da farko malamin yakan kira shi da laƙabin mai Maƙamat, saboda yadda ya haddace wannan littafi mai wuyar lugga, daga baya da ya ga ƙwarewarsa a nahawu sai ya koma kiransa Sibawaihi. Wurin Bindu kuwa ya ɗauki hisabi da ilmin lokuta a kan tafarkin malaman Magrib, da ilmin haruffa da aufaƙ. Abin lura a nan shi ne, duk wannan karatu a ƙasar Sudan ya yi shi. Ya isa Masar yana malami, da kayansa a ka.

Ya yi aikin Hajji a 1142 ta Hijira, wajen 1730, bayan doguwar tafiya da ta haɗa shi da sarakuna da malaman ƙasashen da ya ratsa, har ya rubuta labarin tafiyar. Ya zauna a Makka na wani lokaci, a can ya fara babban littafinsa, Ad-Durrul Manzum, ya kuma kammala shi a Alƙahira a watan Rajab na 1146, ƙarshen 1733. Kusan lokaci guda ya gama Bahjatul Afaƙ, wanda shi ne ya fi jawo hankalin masana lissafi na zamani. Yana da waƙen manɗiƙi mai suna Manhul Ƙuddus tare da sharhinsa, da wani littafi na nahawu, Bulugul Arab.

Aufaƙ shi ne abin da Bahaushe ya sani da hatimi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da malamin zaure ya ga irin zanen a allo ko a takarda: murabba'i ne da aka raba gida-gida, a kowane gida lamba ɗaya. Sharaɗinsa shi ne, duk layin da aka bi, a kwance ko a tsaye ko a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, jimlar ta zama ɗaya. Mafi ƙanƙanta mai gida uku ne a kowane gefe. A layin sama a sa 4 da 9 da 2, a na tsakiya 3 da 5 da 7, a na ƙasa 8 da 1 da 6. Ta ko'ina aka haɗa, 15 za a samu. Yaron aji huɗu zai iya gwada wannan da gawayi a bango.

Wahalar tana zuwa idan gidajen suka yi yawa. Mai gida biyar a gefe yana ɗaukar lamba 25, mai bakwai 49, mai tara 81, kuma wanda ya ce zai jera su da lalube zai kwana bai gama ba. Abin da Al-Kashnawi ya shimfiɗa a Bahjatul Afaƙ shi ne hanyoyin gina waɗanda adadin gefensu mara ne, wato uku, biyar, bakwai, tara, zuwa sama. Daga cikin hanyoyin akwai wadda ake bin tsallen doki na wasan shaɗaranji, gida biyu gaba da ɗaya a gefe, ana ajiye lambobi bi da bi, in aka fita ta wani gefen a shigo ta kishiyarsa. Akwai kuma ƙa'ida mai sauƙi da ɗan kasuwa zai gane nan take: a ɗauki lambar da ke tsakiyar jerin, a ninka ta da adadin gidajen gefe, jimlar layi ta fito. A mai uku, 5 sau 3 ya ba da 15. A mai biyar, 13 sau 5 ya ba da 65. A mai bakwai, 25 sau 7 ya ba da 175, a mai tara kuma 41 sau 9 ya ba da 369. Ba shi ya ƙago wannan fanni ba, domin malaman Bagadaza da na Andalus sun riga shi da ɗaruruwan shekaru. Nasa aikin shi ne tattarawa da tsarawa da warware abin da ya cukuɗe, kuma ya yi shi da kyau har Misrawa suka karɓa daga hannunsa.

A nan ne lissafin ya haɗu da sama. A al'adar masu wannan ilmi, kowane hatimi daga mai uku zuwa mai tara an ba shi tauraronsa daga cikin taurari bakwai masu tafiya. Mai uku na Zuhalu ne, mai huɗu na Mushtari, mai biyar na Mirriku, mai shida na Rana, mai bakwai na Zahra, mai takwas na Uɗaridu, mai tara na Wata. Wannan jeri ba a banza aka yi shi ba. Magabata sun lura da cewa yawancin taurari ba sa canja mazauninsu a tsakanin junansu, amma waɗannan bakwai suna yawo, sai suka jera su gwargwadon saurinsu. Zuhalu ya fi kowa nawa, yana ɗaukar kusan shekara 30 kafin ya koma inda ya taso. Mushtari yana ɗaukar kusan 12. Wata kuwa bai cika kwana 28 ba ya gama zagayensa. A wannan tsari ƙasa ce a tsakiya, Rana da Wata kuma ana lissafa su cikin masu kewaya ta. Sararin samaniyar da Al-Kashnawi ya karanta ya kuma koyar ke nan.

Abin da ɗan firamare a Funtuwa ko Bakori ko Ƙafur yake haddacewa yau ya sha bamban. Rana ce a tsakiya, duniyoyi takwas suna kewaya ta, ƙasarmu ita ce ta uku, Wata kuwa ɗan rakiyarta ne. Uɗaridu ya fi kusa da Rana, shekararsa kwana 88 ce kacal. Zahra, wadda Hausawa ke kira Zara matar Wata in ta fito da almuru, ita ce dai Gamzaki da ake gani da asuba, kuma ta fi kowace duniya zafi, fiye da digiri 450, saboda kaurin iskar da ta lulluɓe ta. Mirriku, mai launin ja, yana gama shekararsa a kwana 687. Mushtari ya fi duka girma, Zuhalu kuma shi ne mai zobba. Biyun ƙarshe Al-Kashnawi bai taɓa jin sunansu ba. Yuranus sai a 1781 William Herschel ya gano ta a Ingila, shekara 40 cif bayan an binne malamin Katsina. Naftun kuwa a 1846 aka gan ta, kuma a takarda aka fara samo ta: wani masanin lissafi Bafaranshe ya ƙididdige inda ya kamata ta kasance, aka juya madubin hangen nesa can a Balin, sai ga ta.

Canjin ya riga ya fara tun kafin a haife shi. Kofanikus ya fitar da littafinsa mai sa Rana a tsakiya a 1543. An ƙera madubin hangen nesa a Holan a 1608, Galiliyo ya ga watanni huɗu suna kewaya Mushtari a 1610, Niyuton kuma ya bayyana ƙa'idar jan nauyi a 1687. Amma karatun da ake yi a zaurukan Katsina da Makka da Alƙahira a kan tsohon tsari yake tafe, kuma ga abin da ake nema da shi, wato alƙibla da lokutan salla da ganin wata, tsohon tsarin yana biyan buƙata. Manomi ma da shi yake aiki. Lissafin manzilolin nan 28, kowace kwana 13 in ban da ɗaya mai 14, wanda ke cika kwana 365, har yau akwai dattawa a karkarar da ake noman masara da dawa da auduga waɗanda da shi suke auna damina, su ce an shiga Nasara, ko Ɗarfa, ko Jabha.

Akwai abin da bai kamata a rufe ba. Ad-Durrul Manzum ba littafin falaki zalla ba ne. Cikakken sunansa ya ambaci sihiri da ɗalasimai da taurari, kuma ya ginu ne a kan wani tsohon littafi da ake jingina wa Fahruddin ar-Razi. Hatimin ma, a wurin masu shi, ba wasan ƙwaƙwalwa ba ne kawai, sun ɗauka haruffa da lambobi suna da asirai, shi kansa marubucin ya hori ɗalibi da kada ya baza wannan ilmi ga kowa. Malaman Musulunci sun daɗe suna rarrabe ilmin tafiyar taurari, wanda ake sanin lokaci da hanya da shi, da da'awar cewa tauraro yana hukunta rabon mutum, wadda suka hana. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a ƙarnin da ya biyo baya, ya yi rubutu yana gargaɗi a guji masu rufa-ido da masu duba da taurari. Saboda haka wanda ya mai da Al-Kashnawi masanin kimiyya irin na jami'ar yau ya ƙara masa abin da ba nasa ba. Wanda kuma ya watsar da shi a matsayin boka ya zubar da lissafin da ke tsaye da ƙafarsa, domin 13 sau 5 bai dogara da Mirriku ba. Ba shi kaɗai ya haɗa biyun ba: Niyuton, wanda ya rasu a 1727, ya ɓata shekaru masu yawa yana bin ilmin alkimiyya na masu neman juya ƙarfe ya zama zinariya.

Wani abin sha'awa kuma, a daidai shekarun da Al-Kashnawi yake zaune a Alƙahira, wani matashi a Amurka yana zana irin waɗannan murabba'ai don kashe lokaci. Shi ne Benjamin Franklin, wanda ya zama akawun majalisar Pensilbaniya a 1736, kuma in muhawara ta yi tsawo sai ya duƙufa kan jera lambobi. Nasa mai gida takwas yana ba da 260 a kowane layi na kwance da na tsaye. Franklin ne daga baya ya ƙago sandar kare gini daga tsawa, sunansa kuma yana cikin kusan kowane ɗan littafin yara da ke lissafa masu ƙirƙira. Na malamin Ɗan Ranko da wuya a same shi ko a littattafan da ake sayarwa a kasuwar Malumfashi.

Masana dai ba su bar shi ya ɓace ba. An buga Ad-Durrul Manzum a Alƙahira a ƙarni na 20. Hassan Gwarzo ya yi nazari a 1967 kan yadda ya bayyana ramzi, wato rubuta shekara da haruffa a madadin lambobi. A 1973 wata malamar lissafi Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta kawo hanyoyinsa na gina hatimi a littafinta kan lissafi a Afirka, ta dogara da wani kwafin rubutun hannu da ke ajiye a makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. Ta wannan hanya sunansa ya shiga azuzuwan lissafi na ƙasashen da bai taɓa takawa ba.

Shi kuwa Hasan al-Jabarti, wanda ya gaji littattafan, ya rayu har 1774. Daga cikin ayyukan da aka fi tunawa da shi akwai gyaran ma'aunan kasuwannin Alƙahira. Da ya ga sikelin 'yan kasuwa sun lalace, awo ya daina daidaita, sai ya tara maƙera da masu awo ya koya musu yadda ake ƙera ma'auni a kan ƙa'idar lissafi, ya kuma rubuta littafi a kai.