Labarin Eric Liddell, Malamin Makaranta a Ƙasar Sin

Ya kai mai karatu, wanda ka soma bin Almasihu, ko kuwa kana cikin bincike tukuna, ga labarin wani saurayi wanda duniya ta ba shi yabo mai yawa, shi kuwa ya bar yabon ya tafi ƙasa mai nisa domin ya koya wa yara karatu.

An haifi Eric Liddell a birnin Tiyanjin ta ƙasar Sin cikin shekara ta 1902. Iyayensa mutanen Sikotlan ne, masu aikin bishara. Tun yana ƙaramin yaro aka kai shi Ingila tare da wansa, aka sa su makarantar 'ya'yan masu bishara, iyayen kuwa suka koma bakin aikinsu. Cikin 1920 ya shiga jami'ar Edinbara, yana koyon kimiyya. A can aka gane Allah ya ba shi saurin ƙafa, har ba wanda ya ke cim masa cikin dukan ƙasarsu.

Cikin 1924 aka yi babban wasan al'ummai, watau Olimfik, a birnin Faris. Tseren da ya fi gwaninta a kai shi ne na mita 100, amma an sa farkonsa ran Lahadi. Eric kuwa ya riga ya ƙudura a ransa ranar nan ta Ubangiji ce. Ya ƙi shiga, ko da ya ke waɗansu sun zarge shi, suna ganin ya kunyata ƙasarsa. Sai ya shirya domin tseren mita 400, wanda ba a sa ran zai ci ba. Ya kuwa ci, cikin daƙiƙa 47.6, aka ba shi lambar zinariya.

Da ya so, da ya zauna gida yana cin daɗin sunansa. Amma da ya gama jami'a, ya ƙara shekara guda yana koyon Maganar Allah, cikin 1925 kuwa ya tashi zuwa Sin, yana da shekara 23, bai saba da aikin malanta ba tukuna. Ya zama malami a wata kwalejin samari a Tiyanjin, yana koya musu kimiyya da wasanni, ran Lahadi kuma yana lura da makarantar yara a masujada. Mutumin da dubbai suka yi wa tafi, ga shi tsaye gaban allo da alli a hannu, kowace safiya, shekara da shekaru. Cikin 1934 ya auri Florence MacKenzie, mutuniyar Kanada. Cikin 1937 aka aike shi ƙauyuka, inda talauci da yaƙi suka tsananta.

Sa'ad da hatsari ya ƙaru, cikin 1941, ya sallami matarsa da 'ya'yansu mata biyu zuwa Kanada, shi kuwa ya tsaya. Matar tana da ciki a lokacin, 'yar da ta haifa kuwa bai taɓa ganinta da ido ba. Cikin 1943 sojojin Japan suka tsare shi a sansanin Weihsien tare da baƙi fiye da dubu. A cikinsu akwai yara da yawa waɗanda aka raba da iyayensu. Nan ya sake zama malami. Da ya ke babu littattafai, ya rubuta darasin kimiyya da hannunsa. Ya ɗauki ruwa da gawayi domin tsofaffi da marasa lafiya, ya gyara kayan wasan yara, su kuwa suna kiransa kawunsu.

Ka lura da wannan. Yaran suka roƙe shi ya tsaya musu alƙalin wasa ran Lahadi, ya ƙi. Suka yi wasansu su kaɗai, ya ƙare da faɗa. Lahadi ta gaba sai ga shi a fili yana raba musu gardama. Abin da bai yarda ya yi domin zinariya ba, ya yi shi domin salamar yara. Gama ba domin a gan shi ya ke kiyaye ranar ba, domin ƙaunar Ubangiji ne, wannan ƙauna kuwa ita ce ta kai shi wurin yaran.

Ciwo ya kama shi a ƙwaƙwalwa, ya rasu ran 21 ga Fabrairu 1945, yana da shekara 43. Cikin Agusta na shekarar aka saki waɗanda ke tsare.

To, ɗan'uwa, ba kowa aka kira zuwa hayin teku ba. Amma idan ka iya karatu, akwai wani kusa da kai wanda bai iya ba. Kada ka jira sai ka zama babban malami. Ka ba da abin da ka karɓa, ko ana yabonka ko ba a yi, ka kuma roƙi Ubangiji ya ba ka zuciya mai tsayawa kan gaskiya, mai tausayin ƙanana.